Lacca: Bindiga a Hannun Malamin Aji

Jama'a, assalamu alaikum. Abu uku zan taɓo kan muhawarar da ake yi a Amurka, wato a bai wa malaman makaranta bindiga ko kada a ba su.

Na farko, horo. Bayan harin bindiga a wata makaranta a garin Parkland a 2018, inda aka kashe mutum 17, jihar Florida ta gindaya sharaɗin horon awa 144 ga ma'aikacin makarantar da zai riƙe bindiga. Ohio kuwa a 2022 ta zaftare nata daga sama da awa 700 zuwa 24. Awa 24 fa! Na baya, kuna ji na? Aikin kwana uku ke nan. Cibiyar bincike ta RAND ta duba harbe-harben 'yan sandan New York daga 1998 zuwa 2006, ta tarar idan ana musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari kacal na harsasansu ke samun wanda suka auna. Mutanen da bindiga ce sana'arsu! To sauran harsasan ina suka nufa? A aji, yara ne a bayan maharin. Sannan ina za a ajiye bindigar? In a ƙugu take, malama ta sunkuya duba littafi, hannun yaro na kusa. In an kulle ta a akwatin ƙarfe, sai an buɗe da hannu mai rawa, ga yara na kururuwa. 'Yan sanda kuma su shigo su ga mutum da kayan gida riƙe da bindiga, ya za su gane malami ne?

Masu goyon baya ma suna da hujja, kada mu zalunce su: a harin wata makaranta a garin Uvalde na jihar Texas a 2022, jami'an tsaro 376 suka taru, aka ɓata minti 77 kafin a shiga ajin. Makarantar ƙauye kuwa ta yi nisa da caji ofis.

Na uku... to, na biyu ne, inshora. A Kansas a 2013 kamfanin EMC ya ƙi ɗaukar nauyin makarantun da malamansu ke riƙe da makami. Lokaci ya ƙure, mu wuce.

Na'am, Malam, kana tambaya ko bindigar malami za ta hana satar ɗalibai irin ta Kuriga da Jangebe. Can gungu ne a kan babura da AK-47, ƙaramar bindiga ɗaya ba za ta tare su ba. Pakistan ta gwada: bayan harin wata makaranta a Peshawar a 2014 aka ba malamai izinin riƙe makami, a 2015 a Mingora wani malami na goge bindigarsa, ta tashi ta kashe ɗalibi.