Laccar da aka yi a Damagaram kan kwafe fishiye da dosiye ta hanyar kod

To ƴan uwa ɗalibai, sannunku da zuwa, waɗanda ke baya kuna ji na ko? Madalla.

Kwafe abu a kan ordinatarka wasa ne, ka ja ka ajiye shi ke nan, amma idan aplikasiyon ɗinka ce za ta yi wannan aikin ita kaɗai a kan sarba, wato ordinatar da ke ɗauke da shafukan intanet, babu mai kallo, to nan ne ake gane wanda ya iya. Mu ɗauki yaren rubuta kod na PHP tunda shi yawancinku kuke taɓawa. Akwai copy(), fishiye ɗaya tak take ɗauka, ba ta san dosiye ba, kuma in ta tarar da wani mai irin sunan a inda za ta ajiye sai ta danne shi ba tambaya. Dosiye kuwa sai ka buɗe shi da scandir(), ka ƙirƙiri sabon dosiye da mkdir(), ka bi abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, in ka ci karo da wani dosiyen fonksiyon ɗinka ta sake kiran kanta, kuma don Allah ku tsallake ɗigo ɗaya da ɗigo biyun nan da scandir ke kawowa, wato dosiyen kansa da wanda ke samansa, in ba haka ba kod ɗin zai yi ta zagaye kamar raƙumin sarrafa mai. Masu Python kuna da shutil.copytree, masu Node.js kuma fs.cp tun 2021.

Amma abin da ya fi damuna shi ne rabin kwafi. PHP sakan 30 yake ba shafin intanet ya gama aikinsa in ba ka canza ba, ga wuta da ke ɗaukewa, ga faifai da kan cika, sai a wayi gari takardar wani ɗalibi ko rasit ɗin wani ɗan kasuwar Dole rabi ne a can, sunan yana nan lafiya lau amma ba ya buɗuwa, kuma mai shi ya yarda da kai ya goge nasa. Wallahi wannan amana ce. Ka kwafa da sunan wucin gadi, ka duba ko copy() ta dawo da false, ka gwada girman biyun ko ka lissafa hash_file(), wato lambar da ke tantance abin da ke cikin fishiye, sai sun yi daidai sannan ka ba shi sunansa na gaskiya da rename().

Sunan fishiyen da mutum ya turo daga waje ma kar ku yarda da shi, wani zai sa ../, alamar komawa dosiyen sama, ya hau har inda kalmomin sirri suke, ku tace da realpath(), mai nuna ainihin inda sunan ya nufa. Ke ƴar uwa da kika ɗaga hannu, bismillah, muna jin ki.