Delhi, Nainital da Dajin Corbett: Wane Wata Ya Kamata a Je?

Assalamu alaikum, masu kallo. Yau arewacin Indiya muka nufa, inda mutum zai iya haɗa tsofaffin gine-ginen sarakuna, tafkunan kan duwatsu da dajin namun daji a tafiya guda. Sai dai duk wanda bai duba yanayi ba kafin ya sayi tikiti, da wuya ya samu ukun yadda yake so.

Daga Delhi ake farawa. Hasumiyar Qutb Minar, wadda tsayinta ya haura mita 72, Qutbuddin Aibak ne ya aza harsashinta wajen shekarar 1199, magajinsa Iltutmish ya ɗora a kai. Ku matsa kusa da ita, za ku ga ayoyin Alƙur'ani sassaƙe a jikin jan dutse, sun zagaye ta. A tsohon gari kuma akwai Jar Ganuwa, fadar da Sarki Shah Jahan na daular Mughal ya kammala a 1648, inda Firaministan Indiya ke ɗaga tuta duk ranar 15 ga Agusta. Daura da ita ga babban masallacin Juma'a, shi ma aikin wannan sarkin ne, an gama shi a 1656, harabarsa na ɗaukar masallata kusan 25,000. Mai neman abincin halal, lungunan da ke kewaye da masallacin sun ishe shi.

Daga nan jirgin ƙasa mai sauri zai kai ku Agra cikin ƙasa da awa biyu. Taj Mahal ba baƙo ba ne ga duk Bahaushen da ya taso da kallon finafinan Indiya. Kabari ne, Shah Jahan ya fara gina shi a 1632 saboda matarsa Mumtaz Mahal, wadda ta rasu wajen haihuwa a 1631. Ku kiyaye, ranar Juma'a ba a buɗe shi ga 'yan yawon buɗe ido.

To, a nan yanayi ke shigowa. A watannin Mayu da Yuni zafin Delhi da Agra kan haura digiri 40, daɓen dutsen ya yi zafin da ba ya takuwa, ga shi sai an cire takalmi a masallaci. A ƙarshen Disamba da Janairu kuma hazo ne ke sauka, ya makarar da jiragen ƙasa, wani lokaci mutum ya tsaya gaban Taj Mahal da sassafe bai ga ko ƙubbarsa ba.

Wannan zafin ne ya kori Turawan mulkin mallaka zuwa Nainital, garin da suka fara ginawa bayan 1841, suka mayar da shi mazaunin gwamnatin lardi a lokacin zafi. Yau jirgin ƙasa zai sauke ku a Kathgodam, gindin duwatsun Himalaya, sai mota ta yi ta murɗawa da ku sama, tafiyar kimanin kilomita 35. Tafkin Naini na zaune a tsayin kusan mita 2,000, duwatsu sun yi masa ƙawanya, ƙananan kwalekwale na yawo a kansa. Filin da ke bakinsa na arewa, inda ake wasanni kuma masallacin garin ke gefe, asalinsa zaftarewar dutse ce ta 1880, wadda ta ci rayuka 151. Shi ya sa damina, daga Yuli zuwa Satumba, ba lokacin hawa waɗannan hanyoyi ba ne. Idan cunkoso ya dame ku, kuma a lokacin hutu lallai zai dame ku, ku gangara Bhimtal ko Sattal. A ganina Sattal ta fi daɗin zama, tafkuna ne a tsakiyar kurmi, ga tsuntsaye iri-iri.

Saura daji. A hanyar gangarowa zuwa Ramnagar, garin da ke bakin dajin Corbett, za ku ratsa Kaladhungi, inda gidan maharbin nan Jim Corbett ya zama gidan tarihi. A Nainital aka haife shi a 1875, ya yi suna wajen harbe damisoshin da suka koma cin mutane, daga baya ya zama mai fafutukar kare su. Gandun da ke ɗauke da sunansa an kafa shi a 1936, shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Indiya, kuma ƙidayar 2022 ta nuna akwai damisa mai ratsi-ratsi 260 a cikinsa.

Duk da wannan yawan, ganinta sa'a ce. Jagora zai sa a kashe mota, ya kasa kunne. Idan barewa mai ɗigo-ɗigo ta yi kukan gargaɗi, biri ya amsa daga kan bishiya, to tana kusa. Ko ba ta fito ba, akwai garken giwaye a filin Dhikala, da kada mai dogon baki a kogin Ramganga. Dhikala dai daga tsakiyar Nuwamba ake buɗe ta zuwa tsakiyar Yuni, kuma ana neman izinin shiga ta intanet tun da wuri, don gurbin motoci ƙayyadadde ne.

Idan aka haɗa lissafin, rabin Nuwamba na ƙarshe, ko Fabrairu zuwa Maris, su ne suka dace da wuraren uku. Nuwamba na fama da hayaƙin da ke turnuƙe Delhi, don haka ni Maris zan zaɓa. Ku dai saka rigar sanyi a jaka, daren Nainital ba ya wasa.