Amsoshin Tambayoyinku: Gashin Ƙashi Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙu uku ne a gabanmu yau, amma ta farkon ce za ta ci mana lokaci.

Wata baiwar Allah daga Kumo ta rubuto cewa mahaifinta ya yanke jiki ya faɗi wata biyu da suka wuce, ɓarin damansa ya shanye, magana ma da ƙyar. Da aka sallamo su an ce su riƙa kai shi gashin ƙashi, sai dangi suka ce a bari ya ƙara jin ƙarfi tukuna. Tana tambaya ko su jira.

'Yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya, amma kada ku jira. Ciwon ba a hannu ko ƙafa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake, inda jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, galibi saboda hawan jini. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke sarrafa ɓarin dama, kuma ga yawancin mutane nan ne mazaunin magana, shi ya sa abin ya haɗe masa biyu. Wurin da ya lalace ba ya dawowa, sai dai maƙwabtansa kan koyi aikinsa, kamar yadda hanyar gona ke fitowa idan ƙafa ta yawaita bi. Koyon nan ya fi sauri a wata 3 zuwa 6 na farko, kun kuwa riga kun cinye biyu.

Sunan gashin ƙashin ma yana ruɗa jama'a, sai a ɗauka tsumma ne da ruwan zafi da tausa. Ainihin aikin motsi ne, kuma maras lafiyar ne zai yi da kansa. A zaunar da Baba a bakin gado, tafin ƙafafunsa a ƙasa, ya miƙe ya zauna, ya sake miƙewa, wani na tsaye ta ɓarin da ya shanye. Idan yatsu sun fara motsi, a zuba masa wake a faranti ya riƙa tsinta, ko ya ja carbi da hannun. Zai ji haushi, waken zai zube, a bar shi ya sake. A gidajenmu tausayi ne ke yi mana ɓarna: dattijo bai gama miƙa hannu ba, jika ya riga ya ɗauko masa butar.

Kada a finciko shi ta hannun da ya shanye wajen tayarwa, kafaɗar na iya gocewa. In yana zaune a tokare hannun da matashi. Idan ba ya iya juyawa, a juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya. Ruwan zafi kuwa a yi hattara, fatar da ba ta ji sosai tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Maganin hawan jini kada ya yanke. Akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, kuma tunda kuɗin mota daga Kumo ba wasa ba ne, ku roƙi ma'aikatan su koya wa mutum ɗaya a cikinku abin da zai riƙa yi masa kullum a gida.

Wani magidanci daga Jekadafari ya ce ɗansa ya haura shekara bai zauna ba, wuyansa bai tsaya ba, ya kuma yi shawara mai tsanani yana jariri. Maƙwabta na cewa iska ce. Malam, shawara irin wannan da doguwar naƙuda suna iya taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Likitan yara ne zai tabbatar, ba mu a rediyo ba. In hakan ne, raunin ba ya ƙaruwa, amma gaɓoɓi kan sandare idan aka bar yaro kwance wuri guda. Nasa gashin da wasa ake yi: a kifa shi rub da ciki kan tabarma idonsa biyu, a kaɗa masa abin wasa a gaba har ya ɗago kai.

Ta ƙarshe daga Bajoga take: an yi wa yarinya allura a ɗuwawu, tun daga nan take jan ƙafa, ko shan inna ce? A watan Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna, duk da haka duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya sai an duba shi. Allura ma na iya samun babbar jijiyar da ta sauka ƙafa. Hajiya, gobe da safe ki kai ta asibiti, ki faɗa musu ranar da aka yi allurar da daidai wurin da aka soka.