Kitsen jinina lafiya lau, amma likitan Garwa ya ce da sauran magana

Jama'a salamu alaikum, daga Garwa ta Kamaru nake muku magana, ku yi haƙuri da ƙarar 'yan acaɓa. Wallahi yau raina a ɓace yake. Na kai wa likita sakamakon jini ina taƙama kwalastarol ɗina ƙalau, ni da ban cika cin maiƙo ba, sai ya sa biro a kan wani layi, CRP, wato awon da ke nuna kumburi a cikin jiki, ya ce "Alhaji, wannan fa ya haura 10." Na ce to likita mutuwa zan yi? Ya yi dariya ya ce yaushe rabonka da zazzaɓi. Satin jiya na gama maganin maleriya! Ya ce to wannan awon bai ƙirgu ba, ka dawo bayan sati biyu. Kuɗina, sefa wajen dubu goma, sun bi ruwan Binuwai.

Abin da ya fahimtar da ni, hanta ce ke fitar da CRP ɗin nan duk lokacin da jiki ke yaƙi da wani abu, kuma toshewar jijiyoyin zuciya ba kitse kaɗai ba ne, akwai kumburi na ɓoye da fararen ƙwayoyin jini ke hurawa a bangon jijiya har wata rana wurin ya fashe jini ya daskare, shi ke nan sai a ce ai jiya ma mun gaisa da shi a masallaci. Na zuciya awonsa daban, hs-CRP, mai kama ɗan kaɗan. Ƙasa da 1 madalla, 1 zuwa 3 tsaka-tsaki, sama da 3 a sa ido. Ya ce a 2017 an gwada wata allura a kan mutum wajen dubu 10 da suka taɓa samun bugun zuciya, kumburi kawai take ragewa ba ta taɓa kitse, amma haɗarin sake samun matsalar zuciya ya ragu da kusan kashi 15 cikin ɗari.

Gaskiya likitocin nan suna zama su yi maka bayani, Faransancin ne dai matsala, rabi da Fillanci muka ƙarasa. Kifin garin nan kuma ba a magana, amma ni masar Kano nake mafarki, da kunun tsamiyar Hajiyarmu.

Dan Allah kar wanda ya je awon nan da zazzaɓi ko ciwon haƙori a jikinsa, lambar za ta tashi ta tsorata ka a banza. Masu sigari da masu tumbi irin maƙwabcina, ku ne likitan ya ce CRP ɗinku ke yawan zama a sama. Kuma kar ka ji an ce colchicine, maganin nan na ciwon gaɓɓai, yana rage kumburin ka ruga kemis, mai ciwon ƙoda zai iya cutuwa, likita ne zai rubuta maka.