Tsakanin Hantsi da Azahar: Lacca Ga Masu Shirin Ajiye Aiki

An rubuto wannan lacca daga sautin da aka naɗa a wani taron bita na ma'aikatan da suka kusa ritaya. An rage gaishe-gaishen farko da tambayoyin ƙarshe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayena da ke zaune a gaba, ƙannena maza da mata, barkanmu da warhaka.

Waɗanda suka rigaye ni sun yi bayanin takardu da fayil da tantancewa. Ni abin da zan taɓa shi ne ranar da ke biyo bayan walimar bankwana, bayan an ba ka agogon bango da shadda, an ɗauki hoto, kowa ya watse.

Ƙa'idar aikin gwamnati kun san ta: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman makaranta an ƙara musu zuwa 65 ko 40 a dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022, farfesoshin jami'a kuma 70. To, wanda ya kama aiki yana da shekara 22, zai bar shi yana da 57, da ƙarfinsa da hankalinsa. In Allah Ya ba shi tsawon rai, akwai shekara ashirin ko fiye a gabansa. Me zai yi da su?

Ku lura da yadda wuni yake. Asuba tana da masallaci. La'asar zuwa magariba akwai majalisa, abokai sun dawo daga nema, an shimfiɗa tabarma. Dare na iyali ne. Inda gizo ke saƙar shi ne daga ƙarfe takwas na safe zuwa azahar. Yara sun tafi makaranta, magidanta sun fita kasuwa, unguwa ta yi tsit, babu motsi sai mai tallar ruwa da mai sayen gwangwan. Waɗannan sa'o'i shekara da shekaru na ofis ne, yanzu an damƙa maka su a hannu. Wayar da ta saba damunka ta yi shiru. Wanda kullum yake durƙusawa ya ce ranka ya daɗe, yanzu gaban wani yake durƙusawa, kuma ba laifinsa ba ne, kujera yake gaisarwa tun asali. Na ga mutane masu lafiya sun sukurkuce cikin ɗan lokaci, ba don yunwa ba, sai don babu wanda ke jiran su da hantsi.

Abu na farko da mai ritaya ke yi da wannan lokaci, ba tare da ya sani ba, shi ne ya mayar da gidansa ofis. Ya leƙa kicin ya tambayi dalilin da manja ya ƙare da wuri. Ya ƙirga kwanon shinkafa. Ya tsaya a kan yarinya mai shara. Alhaji, Hajiya ta yi shekara talatin tana tafiyar da gidan nan da safe ba ka nan, kuma bai rushe ba. Cikin gida da hantsi na mata ne, maƙwabta na shigowa, ana kitso, ana hirar biki da suna. Zamanka a tsakar gida takura ce gare su, ko da sun yi maka kara ba su faɗa ba. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa suka gina zaure: namiji yana gida kuma ba ya cikin gida. Gidajenmu na yanzu get ne da falo. Saboda haka tun kafin ka ajiye aiki ka tanadi wurin zamanka, ko da rumfa ce da benci a ƙofar gida.

Zan taɓa kuɗi kaɗan, domin komai zan faɗa a kansu ya rataya. Tun da aka sabunta dokar fansho ta 2004 a 2014, ma'aikacin da ke ƙarƙashin tsarin yana zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, na sa ido. In ka gama, za a ba ka wani kaso a dunƙule, sauran kuma ka zaɓa: ko kamfanin fansho ya riƙa tsakuro maka duk wata daga asusunka, ko a miƙa wa kamfanin inshora ya biya ka iya tsawon rayuwa. Ka zauna da wanda ya sani kafin ka sa hannu. Sashe na 173 na tsarin mulki ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi, amma duk wanda ya je kasuwa tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 ya san farashi ba ya jiran wannan dubawa.

Kuɗin sallama kuwa, ranar da suka shigo za ka ga masoyan da ba ka san kana da su ba. Wannan ya zo da maganar motar haya, wancan fili, wani ya ce akwai inda ake zubawa a ninka cikin wata ɗaya. Kun tuna MMM, da aka wayi gari a Disambar 2016 an kulle asusun jama'a. Akwai 'yan fansho a cikin waɗanda suka yi kuka. Sana'ar da ba ka taɓa yi ba, kada ka shige ta da dukan abin da ka tara a rayuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

To me za a yi da hantsin? Ni ina ba da shawarar abin da ke da rai, wanda in ba ka fito ba zai yi kuka. Ku ɗauki kiwon rago. Ka je kasuwar ƙauye watanni kaɗan kafin babbar salla, ka zaɓi biyu ko uku, Balami ko Uda ko ɗan ƙasa, masu ƙashi ba masu ƙiba ba, ƙiba kai za ka sa musu. Ka buɗe baki ka duba haƙora, ka duba ido da hanci. Ka kira malamin dabbobi ya yi allura ya ba da maganin tsutsa tun ranar farko. Harawa ka saye ta da kaka lokacin da take araha, ka ɗora a kan rufi. Da safe ka share turke, ka dama dusa da ɗan kanwa, ka zuba kowa, wato ɓawon wake, ka canja ruwa. Bayan mako biyu ragon ya san takunka, tun kana zare sakata yake miƙewa. Ka shafa bayansa ka ji yadda nama ke rufe ƙashi. Kafin ka ɗaga kai rana ta take. Ko ribar ba ta taka kara ta karya ba, ka samu layya, ka samu taki, kuma gwiwoyinka sun motsa.

Masu sha'awar kajin ƙwai, a Shika kusa da Zariya cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI ta fitar da irin da ake kira Shika Brown, wanda ya dace da yanayinmu. Amma kaza sai ta kai wajen mako 18 zuwa 20 kafin ta fara ƙwai, kuma duk tsawon nan ci take, abinci shi ke cinye mafi yawan jari. Ka fara da kaɗan ka koya. Wani tattabaru ne sha'awarsa, wani zogale da lalo da 'yan tumatir a buhu a bayan ɗaki. Kada a raina ko ɗaya.

Sai karatu, kuma nan ne zuciyata ta fi karkata. Da yawanmu boko da aiki sun ɗauke mu muna yara, mun bar Ahalari da Ishmawi a tsakiya, Iziyya da Risala kuwa suna kawai muka sani. Makarantun zaure na nan, kuma da hantsi malam ya fi samun sarari. Abin da ke hana mu girman kai ne: tsohon darakta zai zauna a tabarma kusa da ɗan shekara ashirin, a gyara masa wasali a gaban mutane. Ku tuna Janar Yakubu Gowon. Bayan an kifar da gwamnatinsa a 1975, mutumin da ya shugabanci ƙasa shekara tara ya shiga jami'ar Warwick a Ingila a matsayin ɗalibi, har ya kai ga digirin digirgir. Obasanjo ma bayan ya sauka a 2007 ya koma karatu a buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa. Wane muƙami muka riƙe da ya fi nasu?

Lafiya ba zan daɗe a kanta ba, likita na tafe bayana. A auna hawan jini da suga a kai a kai, domin ba sa sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. In ka zaɓi masallacin da ke ɗan nesa ka taka da ƙafa, ka kusa cika su.

Ƙannena mata, ban manta da ku ba, kuma taku matsalar ta bambanta. Namiji lokaci ne ke masa yawa, ku kuwa kafin takardar ta bushe an raba naku. Malamar da ta shekara talatin a aji, ko ungozomar da ta kwana a asibiti tana karɓar haihuwa, ranar da ta ajiye aiki za a fara sauke mata jikoki da safe a ɗauke su da yamma. Son jika ibada ne kuma daɗi ne, amma ba wanda ya tambaye ta ko tana da abin da ta daɗe tana son yi. Hajiya, kina da haƙƙi ki ce ranar kaza da kaza ina Islamiyya, ko ina wajen saƙa, ko zan je ganin 'yan'uwana. 'Ya'yan da ke sauraro, ku nemi izinin uwarku kafin ku mayar da ita mai reno.

Akwai kuma abin da ke cikin kawunanku wanda ba ya cikin kowane fayil. A ɗakin nan akwai wanda ya san yadda aka shimfiɗa bututun ruwan garinsu, akwai wadda ta san dalilin da ya sa wani ƙauye ya ƙi allurar rigakafi da yadda aka shawo kansa. Makarantar firamaren unguwarku na neman wanda zai zauna a kwamitin iyaye ya duba lissafi. Yaron maƙwabcinka zai rubuta jarrabawa, ba shi da mai nuna masa lissafi ko Turanci. Kwamitin masallaci na neman mai iya rubuta wasiƙa zuwa ƙaramar hukuma. Ka je da kanka ka ce ga ni, kada ka jira a aiko maka takardar gayyata, a unguwa ba a yin ta. Kuma ka sayi littafi mai kauri, ka riƙa rubuta abin da ka gani a aiki da sunayen kakanninka da garuruwan da suka fito, da Hausa ko da ajami, yadda ya sauwaƙa. Wanda ido ya yi masa rauni ya sa jikansa ya naɗi muryarsa a waya.

Shugaban taro ya nuna mini agogo, likita kuma ya iso. Mai tambaya a kan kiwo ko makarantun da ke karɓar manya ya same ni a waje bayan salla. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.