Huhu ba ya ƙiba: hirarmu kan saitin bentileta a ɗakin tiyata

Sista: Assalamu alaikum. Tun makon jiya saƙonninku ke shigowa kan magana guda: an yi wa mutum aikin ciki lafiya lau, bayan kwana 2 ko 3 sai zazzaɓi, numfashi sama-sama, oksijin ya sauka. Wasu sun ɗora wa bentileta, na'urar da ke hura wa majiyyaci numfashi, laifi. Dakta, da gaskiyarsu?

Dakta: Wani sa'in hannun da ya saita ta ne. Da zarar an sa mutum barci, tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya saki, kayan ciki su turo sama, ƙasan huhu ya lotse. Kusan mutum 9 cikin 10 haka suke. A da sai a hura iska da yawa, mililita 10 zuwa 12 kan kowane kilo. Jakunkunan iskar da ke buɗe su miƙe fiye da kima, lotsattsun kuma su yi ta buɗewa suna rufewa. Daga nan kumburi, daga kumburi nimoniya.

Malam: Yanzu dai 6 zuwa 8 ne.

Dakta: Na wane kilo? Nan ake zamewa. Nauyin da tsayi ya bayar ake bi, a ajiye sikeli. Huhu ba ya ƙiba. Ɗauki mace mai tsayin santimita 160, nauyi kilo 95. Ka fara da 45.5, ka ƙara 0.91 sau abin da ya haura 152.4 a tsayinta, ka sami kusan kilo 52. A kan 7 kowane kilo, rabonta wajen mililita 370. In ka bi sikeli da tsohon lissafi, 950 za ka ɗura mata.

Sista: Wato sai an auna tsayi. Wa ke shiga tiyata da tef?

Malam: A aro na tela mana.

Sista: Telan da zai ce ka dawo jibi? Majiyyaci yana kan tebur?

Malam: In kuma Sallah ta matso, sai bayan hawan Daushe.

Sista: Ya auna hannun riga ya manta tsayi.

Malam: Ya ce yadin ne bai isa ba.

Dakta: Ku dai ku gama. A auna a ɗakin kwanciya tun kafin ranar, a rubuta a kati. To, a 2013 a Faransa an yi binciken IMPROVE, mutum 400, manyan ayyukan ciki. Rabi aka bi tsohon tsari da su. Rabi aka ba su ƙaramar iska da PEEP, wato matsin da ake bari a huhu a ƙarshen fitar numfashi, na 6 zuwa 8, kuma kowane minti 30 a riƙe matsi 30, a ma'aunin santimita na ruwa, na daƙiƙa 30 don buɗe abin da ya lotse. Manyan matsaloli cikin mako guda: kashi 10.5 a nasu, 27.5 a ɗaya rabin.

Malam: Ranka ya daɗe, ashe sai mu ƙure PEEP kawai.

Dakta: An gwada. Binciken PROVHILO, 2014, mutum 900, PEEP 12 da wanda bai wuce 2 ba. Huhu bai ga bambanci ba, sai jinin masu PEEP 12 da ya yi ta sauka ana bin sa da magani. PROBESE a 2019 kan masu ƙiba, labarin ɗaya. Ni ra'ayina, fara da 5, idonka kan tazarar matsi: matsin da ya tsaya a ƙarshen shaƙa, ka cire PEEP. Kada tazarar ta kai 15. Ka ƙara PEEP tazarar ta ragu, huhu ya buɗe. Ta ƙaru, ka wuce gona da iri, koma baya. Kuma kada ka riƙe matsi 30 ga wanda ke zubar da jini.

Sista: Oksijin fa? Akwai masu barinsa a kashi 100 har ƙarshe.

Dakta: Jini ya zuƙe shi, babu naitirojin da zai tokare jakar iska, sai ta manne. Bayan an sa bututun numfashi a rage shi gwargwadon buƙata. Wajen cire bututu kuma, a ɗaga kan gado, a tabbata maganin sakin tsoka ya bar jiki, in ba haka ba...

Sista: Dakta, lokaci. Mun yi alkawarin batun aikin kyamara da ake hura ciki da iska.

Dakta: Wannan ai shiri guda ne.

Malam: Sai tela ya kawo tef.

Sista: Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.