Yadda turken rezo ke raba zango tsakanin wayoyi

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa shiga filin ƙwallo na Roumdé Adjia a Garwa ta Kamaru ranar babban wasa ya san abin nan: sandunan rezo cike a fuskar waya, amma hoto ɗaya ya gagara tafiya a WhatsApp. Sandunan ba ƙarya suka yi ba. Ƙarfin siginar suke nuna maka, ba sa gaya maka ku nawa ne kuke rububin turke ɗaya.

Abin da ake rabawar kuwa bai da yawa. Kowane kamfani, MTN ne, Orange ne ko Camtel, iyakarsa zangon da hukuma ta ba shi lasisi, wato yankin mitar igiyar rediyo da zai yi aiki a kai. A 4G, idan faɗin zangon 20 MHz ne, ana yanka shi gida 100, kowane gida 180 kHz. Ku ɗauka allo ne: gidajen a jere daga sama zuwa ƙasa, lokaci kuma yana tafiya daga hagu zuwa dama. Sau 1,000 a kowace daƙiƙa, kwamfutar da ke gindin turke tana yanke hukuncin wa zai samu wane gida.

Da me take yanke hukuncin? Wayarka ce ke kai mata rahoto, kai ba ka ma sani ba. Tana auna hanyar da ke tsakaninta da turke, ta aika lamba daga 0 zuwa 15. Mai babbar lamba, ana iya ɗora masa bit 6 (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, 0 ko 1) a kowace alamar rediyo da aka harba. Wanda ke can ƙuryar ɗaki a bayan gari, bit 2 kawai zai iya ɗauka lafiya. Gida ɗaya ne, amma kayan da ya ɗauka ya ninka sau uku.

To a nan gardama take. In kamfani ya ce kullum mai hanya mafi kyau za a ba, jimillar megar da ke wucewa za ta haura, amma na gefen gari ya shiga uku. In an ce bi da bi, kowa ya samu daidai, an yi asarar zango a kan wanda hanyarsa ta lalace a wannan lokacin. Abin da aka fi amfani da shi tsaka-tsaki ne: a ɗauki abin da waya za ta iya karɓa yanzu, a raba shi da abin da ta saba samu a 'yan lokutan baya, mai babban sakamako ya karɓa. Wanda ya jima bai samu ba, lambarsa na hawa har layi ya zo kansa. A ganina dabarar ta yi, duk da dai na nesa har yanzu shi ne ke cin ƙasan tukunya.

Yanzu mu leƙa cikin farin akwatin nan da ke maƙale a saman turke. Ba eriya ɗaya ba ce a ciki. Tun 1996 Gerard Foschini na Bell Labs a Amurka ya nuna cewa da eriya da yawa a ɓangaren mai aikawa da mai karɓa, ana iya tura saƙonni daban-daban a zango ɗaya, a lokaci ɗaya. Shi ne MIMO.

Je bakin kogin Benuwai inda ruwa ya kwanta, ka jefa tsakuwa biyu tare. Igiyoyin za su haɗu: wani wuri su taru su yi tudu, wani wuri su kashe juna ruwan ya lafa. Jinkirta tsakuwa ɗaya kaɗan, wuraren tudu da na lafawa su sauya. Haka igiyar rediyo take. Kafin saƙo ya bar turke, kwamfuta tana ba kowace eriya nata jinkiri da nata ƙarfi, yadda igiyoyin za su taru daidai kan wayar da ake nufi. Wannan gyaran tun kafin a harba shi ne firikodin. Kuma ana iya wuce haka: a lissafa yadda saƙon mai shago a gabas zai mutu murus a daidai inda mai shayi yake a yamma, na mai shayin ma ya mutu a gabas. Sai a ba su gida ɗaya su biyun, ba mai jin hayaniyar wani. Amma in suna zaune benci ɗaya, raba su yana cinye ƙarfi da yawa, don haka mai rabon gidaje ya kan haɗa waɗanda suke nesa da juna.

Matsalar ita ce dole turke ya san hanyar. A 4G ta farko, turke mai eriya huɗu yana da jerin saiti 16 da shi da waya suka haddace, waya ta zaɓi ɗaya ta aika lambarsa. Labarin kuma saurin tsufa gare shi. A zangon 1800 MHz, tsawon igiya kusan santimita 17 ne, kuma matsawar rabin haka ta isa hanya ta canja. Mai babur da ke gudun kilomita 36 a awa yana cin santimita 8 cikin milisakan 8. Kafin rahotonsa ya isa a yi aiki da shi, ya bar wurin. Shi ya sa ga mai gudu turke kan bar saiti mai tsini, ya koma mai faɗi.

A 2010 Thomas Marzetta, shi ma na Bell Labs, ya kawo shawarar a tara eriya fiye da yawan wayoyin da ake yi wa hidima nesa ba kusa ba. Daga nan aka samu akwatunan 5G masu hanyoyin aikawa 64. A irin wannan, idan aikawa da karɓa a zango ɗaya suke, waya ce ke tura ɗan sigina turke ya auna hanyar da kansa. Sai dai tazarar eriyoyi rabin tsawon igiya ce. A 3.5 GHz santimita huɗu da ɗoriya ne, akwati ya ɗauka. A 800 MHz, irin zangon da ke kaiwa nesa ya ratsa katanga, kusan santimita 19 ne, allon zai yi girman da turke ba zai so ba. Don haka tarin eriyan nan na cunkoson kasuwa da filin wasa ne, ƙauyukan hanyar Garwa zuwa Marwa kuwa zango na ƙasa irin 800 MHz da 'yan eriya kaɗan ne ya fi yi musu aiki.